Rashin aiki a Damagaram: kafin a yarda da awo, a dubi tiyar

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dole ya san cewa buhu guda yana iya ba da tiya 40 a hannun wani ma'auni, ya ba da 42 a hannun wani, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a ƙara a ciki ba. Shi ya sa ɗan kasuwa na kirki ba ya biyan kuɗi sai ya ga tiyar da aka yi awo da ita. To haka lamarin yake ga alƙaluman aiki da rashin aiki da hukumomi ke fitarwa, mu kuma muna jin su a rediyo ko muna karanta su a jarida.

Ga misali guda. A cikin jadawalin da Bankin Duniya ya daɗe yana wallafawa, bisa ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato BIT, marasa aiki a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan aka bi wannan lissafi, ƙasarmu ta fi Jamus da Japan wadatar aiki. Amma binciken da ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta gudanar a shekarar 2017 tare da sauran ƙasashen UEMOA, ya ce marasa aikin sun kusa kashi 8 cikin 100. Binciken nan dai ya ƙara da cewa in aka haɗa da masu ɗan aikin da bai ishe su ba, da waɗanda suke shirye su yi aiki amma ba sa cikin masu nema, adadin ya zarce rabi. Ƙasa ɗaya ce, mutanen kuma su ne dai, amma ga amsa uku. Mutumin da ya ratsa Zango ko Garin Malam da hantsi, ya ga samari a fada sun kewaye butar shayi, yana da haƙƙin ya tambaya wace ce gaskiya a ciki.

Yadda ake ƙirga marar aiki

Tushen maganar yana cikin wata ƙa'ida da masana ƙididdigar ƙwadago na duniya suka tsayar a taronsu na Janeba a 1982. Ƙa'idar ta ce duk wanda ya yi aiki ko da na awa ɗaya ne a cikin makon da aka yi tambaya, don samun kuɗi ko riba, to mai aiki ne. Marar aiki kuwa sai ya cika sharuɗɗa uku: bai yi aikin komi ba, yana shirye ya yi, kuma ya fita ya nema.

An ɗinka wannan riga ne daidai jikin ƙasashen da ma'aikaci ke da albashi, in aka sallame shi kuma gwamnati ta ba shi ɗan abin da zai riƙe kansa har ya samu wani. A can mutum yana iya zama ba aiki. A nan kuwa wanda ya zauna, yunwa ce za ta tashe shi. A ɗauki saurayin da ya gama lise, ya rasa inda zai sa kansa. Ranar Litinin ya ari babur ya yi kabu-kabu na rabin yini, ranar kasuwa ya taya wani ɗan uwansa sauke buhuna, sauran kwanakin yana fada. A wurin mahaifiyarsa ba shi da aiki, a wurin yarinyar da yake nema ma haka, amma a takardar mai bincike sunansa yana cikin masu aiki. Abokinsa kuma da ya gaji da yawon kai takardu buro-buro har ya daina, ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki, domin bai nema ba a kwanakin da aka yi tambaya. Ya fita daga lissafin gaba ɗaya.

A 2013 masanan sun sake taro, suka gyara ƙa'idar. Daga cikin gyaran, manomin da yake noma don cin gidansa kawai ba a sa shi cikin masu aikin samun kuɗi. A jahar da mafi yawan jama'arta manoman hatsi da dawa da wake ne, wannan layi guda ya isa ya juya jadawali duka. Haka kuma lokacin da aka yi binciken yana da tasiri. Mai tambaya da ya je ƙauyen Mirriya ko Dungas a watan Agusta zai tarar kowa yana gona. In ya koma a watan Maris zai tarar da tsofaffi da mata da yara, majiya ƙarfi sun tafi ci-rani.

Darasi daga maƙwabta

Abin da ya faru a Najeriya ya isa ishara. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdigarsu ta ce marasa aiki sun kai kashi 33 cikin 100. A watan Agusta na 2023 hukumar nan dai ta fito da sabon rahoto mai cewa a farkon shekarar kashi 4,1 ne. Masaƙun Kano da Kaduna da suka mutu ba su tashi ba a tsakani. Abin da ya canja shi ne ma'auni: a da sai mutum ya yi awa 20 a mako ake ɗauke shi daga cikin marasa aiki, sai aka koma kan ƙa'idar awa ɗaya. Hukumar ba ta ɓoye wannan ba, ta faɗa a fili, amma da yawa daga waɗanda suka ji labarin adadin kawai suka riƙe. Ƴan kasuwar Damagaram masu zuwa Kwari da Dawanau sun ga halin da ake ciki da idonsu, kuma ba wanda ya dawo da labarin cewa aiki ya yalwata.

Inda aikin Damagaram ya tafi

Wanda yake son ya fahimci halin aiki a wannan yanki, gara ya bi tarihi, don shi ba ya canja tiya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram zango ce babba ta ayarin da ke tsakanin Kano da Barno da Turabulus. Fata da gashin jimina suna hawa arewa, tufafi da takarda da bindigogi suna gangarowa. Majema da dukawa da maƙera da marina da fatoma da madugai duk suna ci daga wannan hanya, kuma sunan attajirai irin su Malam Yaro bai ɓace ba har yau. Faransawa sun ci garin a 1899. A 1911 ya zama mazaunin mulkin yankin Nijar, amma daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya iso Kano daga Ikko, kayan da raƙumi ke kaiwa arewa cikin watanni suka koma bin teku. A 1926 aka ɗauke babban birni aka kai Yamai, kilomita wajen 900 daga nan, da shi da burorinsa da albashinsa.

Sai zamanin gujiya ya zo. Daga Magarya zuwa Matamai da Kance, gujiya ta zama kuɗin lampo da kuɗin aure da kuɗin sabuwar riga. A shekarun 1960 ita ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da Nijar ke sayarwa a waje. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta da fitar da ita. A kakar ciniki, ƴan awo da ƴan dako da maɗinkan buhu da direbobin kamyo da masu sayar da abinci a bakin sikeli duk suna da abin yi. An gina injinan matse mai a Matamai da Magarya. A cikin birni akwai SOTRAMIL mai sarrafa hatsi ya zama gari da taliya, akwai kuma majema ta zamani. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gujiya a 1975, da faɗuwar farashi, su suka karya wannan kasuwa. Manoma suka koma wake, kuɗin ƙasa ya koma kan yuraniyom na Arlit, masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, SONARA ma daga baya aka rushe ta.

A lura da abu guda. Cikin dubban da gujiya ta ciyar, kaɗan ne ƙwarai suke da lamba a asusun CNSS. Ranar da suka rasa abin yi, littafin hukuma bai nuna komi ba, tun da can ma ba su cikinsa.

Lokacin da gwamnati ta rufe ƙofa

Ma'aikatan gwamnati da suka manyanta ba su manta zamanin da duk wanda ya fito da takardar digiri ko ta makarantar horo yake da tabbacin gurbi ba. Kuɗin yuraniyom ne ya ɗauki nauyin hakan. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasa ta shiga hannun FMI da Bankin Duniya, aka soma tsuke bakin aljihu. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ɗaukar ma'aikata kai tsaye ta zama tarihi. Waɗanda ke ciki kuma suka sha fama da bashin albashi na watanni, sandika na kiran yajin aiki, mai shago a unguwa na rubuta bashi har littafi ya cika. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Shugaban ƙasa a lokacin, Mahamane Usman, ɗan Damagaram ne, kuma ƙididdiga da tattalin arziki ya karanta, amma sanin lissafi bai cika baitulmali ba.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga ɗaukar malaman makaranta ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, a kan kuɗin da bai kai na cikakken ma'aikaci ba. A jadawali adadin malamai ya ninka. A gidan mushen da ke jiran ɗan abin da zai zo masa a ƙarshen wata, maganar daban ce. An kafa hukumar ANPE a 1996 domin rubuta masu neman aiki da guraben da kamfanoni ke da su, amma littafinta yana ɗauke ne da wanda ya tako ya rubuta sunansa. Manomi daga Tanut ko mai tallar fura daga Kara-Kara ba su da dalilin zuwa wurin. A 2010 aka buɗe jami'a a Damagaram, wadda daga baya aka sa mata sunan Andre Salifu. Abin alheri ne, sai dai kowace shekara tana yaye ɗaliban da ke fitowa su tarar da ƙofar nan a rufe.

Matatar mai da iyaka

A watan Nuwamba na 2011 aka ƙaddamar da matatar SORAZ a kan hanyar Tanut, kilomita wajen 50 arewa da birni, mai iya tace ganga 20.000 a rana. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Samari da yawa sun sa rai. Amma matata irin wannan inji ne ke yin mafi yawan aikinta, ma'aikatanta na dindindin ɗaruruwa ne, a jahar da dubun dubatar yara ke kai shekarun neman abin kansu kowace shekara. A lissafin arzikin ƙasa matatar tana da nauyi sosai. A lissafin aiki kuwa ɗigo ne a cikin tulu.

Babban mai ba da aiki a Damagaram, wanda ba ya cikin kowane jadawali, ita ce iyaka. Kano tana kilomita wajen 240 ne kawai. Dabbobi da wake da riɗi suna gangarawa ta Magarya da Ɗan Barto, masara da kayan masarufi da kayan gini suna haurowa. Duk ranar da aka rufe ƙofar nan, nan take kasuwa ke sanyi. An gani daga 1984 zuwa 1986, lokacin da rufe iyaka ya haɗu da fari har mutane suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. An sake gani daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairu 2024. Haka kuma cire tallafin man fetur da Najeriya ta yi a watan Mayu na 2023 ya taɓa ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba a bakin titi, sana'ar da ta riƙe gidaje masu yawa ko da yake doka ba ta san da ita ba. Aisha Maki ta nuna rayuwar waɗannan samari na Kara-Kara da ƙungiyoyinsu na pale a fim ɗinta mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021.

Sai kuma hanyar arewa. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro ƴan Nijar fiye da 200.000 gida, kuɗin da suke aikowa ya tsaya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, kuma da yawansu daga yankin Kance suka fito. Allah ya jiƙansu. Ba ɗaya daga cikinsu da aka taɓa rubutawa a matsayin marar aiki, alhali neman abin kai wa baki ne ya fitar da su.

Ranar da arzikin ƙasa ya ƙaru a takarda

Akwai wani gyaran lissafi da ya shafi aljihun masu karatunmu kai tsaye. Kowace ƙasa tana auna jimillar abin da take samarwa a shekara, abin da ake kira PIB, bisa wata shekara da aka ɗauka a matsayin tushe. Idan tushen ya tsufa, sababbin sana'o'i ba sa shiga awo yadda ya kamata. Najeriya ta sabunta nata a watan Afrilu na 2014, daga 1990 zuwa 2010, sai arzikinta ya kusa ninkawa a dare ɗaya, ta wuce Afirka ta Kudu. Nijar ma ta sabunta nata a ƙarshen shekarun 2010, daga tushen 2006 zuwa na 2015, kuma jimillar ta ƙaru da wajen kashi ɗaya bisa uku. Wannan ba maguɗi ba ne. An shigar da abubuwan da a da ba a auna su da kyau ba, a noma da kiwo da ƙananan sana'o'i. Ma'anarsa ita ce shekara da shekaru ana raina abin da manomi da makiyayi da ɗan tireda ke samarwa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Yarjejeniyar ƙasashen UEMOA ta 2015, wadda aka jingine a 2020 saboda annobar korona, ta ajiye ma'aunai da masu ba da bashi suka saba dubawa: bashin ƙasa kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na PIB, harajin da ake tarawa ya kai kashi 20 cikin 100 na PIB, albashin ma'aikata kuma kada ya wuce kashi 35 cikin 100 na harajin. Da PIB ya kumbura, bashi ya zama kamar ya ragu, abin da ke buɗe hanyar cin sabon bashi. Haraji shi ma ya zama kamar ya yi kaɗan, sai masana su ce akwai sauran wurin tatsa, kuma ba a rasa sanin ƙofar wa ma'aikacin lampo da na duwan za su ƙwanƙwasa. Albashi kuwa da haraji aka ɗaure shi, saboda haka kumburin PIB bai ƙara wa ma'aikaci ko dala ba, bai kuma buɗe gurbi ga ɗansa ba. Ɗan kasuwa da ma'aikaci igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ko da yake kowa na ganin ɗan uwansa ne ya fi shi jin daɗi.

Mu nawa ne ma tukuna?

Duk wani kashi cikin ɗari yana buƙatar a san ɗarin. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗan kai a Nijar, ta 1988 miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuma miliyan 17,1. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'a na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 a shekara, fiye da 3,3 da ake aiki da shi kafin nan. A cikinta ne jahar Damagaram, da mutum miliyan 3,5, ta wuce Maraɗi ta zama ta farko a yawan jama'a, alhali a 2001 miliyan 2 da kaɗan aka ƙirga mata. Kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Yaran da aka ƙirga a goye a 2012, yanzu su ne ke dab da shiga kasuwar neman aiki.

Da waɗannan alƙaluma ne aka raba kujerun majalisa a baya, ake tsara azuzuwa da gidajen likita, ake lissafa ruwan famfon da birni ke buƙata. Garin da ya san wahalar ruwa kamar Damagaram, inda ƴan ga-ruwa suka zama ma'aikatar ruwa ta biyu, bai kamata a yi masa bayanin illar ƙarancin lissafi ba. Duk maigidan da ya ɓoye yawan iyalinsa don tsoron lampo, kamar yadda kakanninmu suka koya a zamanin Nasara, ya rage wa unguwarsa aji guda ko famfo guda bai sani ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba muna cewa a yi watsi da alƙaluma ba ne. Ma'aikatan INS, wadda aka kafa a 2004, suna aiki da kuɗi kaɗan, sau da yawa sai an jira tallafin waje kafin a fita bincike, kuma gyara lissafi idan an samu wanda ya fi shi alama ce ta riƙon amana. Laifin yana wurin mai ɗaukar adadi ya hau mumbari da shi ba tare da ya faɗi yadda aka same shi ba, ko mai mulki ne ko ɗan adawa.

Don haka idan aka karanto muku wani adadi na aiki ko na rashinsa, ku yi tambayar da kuke yi a bakin buhu. Wa aka ƙirga, wa aka bari? A wane wata aka yi tambayar, damina ko rani? Ma'aunin bana shi ne na bara, ko an sake shi? Ma'aikatan da ke cike takardun rahoto a burorin jaha su rubuta abin da suka gani, ko da bai yi wa na sama daɗi ba. Ƴan kasuwa da ƙungiyoyinsu su nemi a riƙa fitar da lissafin jaha-jaha a kai a kai, wanda zai nuna kwana nawa mutum ya yi aiki a wata, nawa ya samu, da mutum nawa suka bar gida bayan kaka. Idan mai bincike ya yi sallama a ƙofar shago ko ta gida, a ba shi tabarma a faɗa masa gaskiya.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Samarin da ke zaune a fada sun san kwana nawa suka yi ba su riƙe jika ba, iyayensu ma sun sani. Saura littafin hukuma ya sani. Allah ya buɗa wa kowa hanyar halaliyarsa, ya ba mu damina mai albarka.